Sinadaran da Ɗan Adam Ya Haɗa Sun Daɗe da Isowa Legas

Wani yaro ɗan maƙwabcinmu a Agege ne ya jawo maganar. Yana shirin jarrabawar kammala sakandare, ya zauna a bencin mai shayi da littafinsa, ya buɗe shafin nan mai jadawalin sinadarai, gida-gida har 118. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Kai yaro, wannan kuma hatimin mene ne?" Yaron ya ce, "Baba, jerin sinadaran da aka gina komai na duniya da su ne. Amma waɗannan na ƙasa-ƙasa ba haƙo su ake yi ba, mutane ne suka haɗa su a ɗakin gwaji."

Nan take wuri ya ɗau zafi. Dattijon ya yi a'uziyya, ya ce wannan shishigi ne ga ikon Allah. Wani ya ce ɓarnar kuɗi ce ta waɗanda suka ƙoshi. Wani ya ce ai duk hanyar haɗa bom ce. Wanda ya fi kowa ƙyalƙyala dariya kuwa mai sana'ar gwangwan ne, ya ce shi dai a bar masa jan ƙarfe da alminiyom, sauran Turawa su ƙarata da kayansu.

Dariyar tasa ce ta tsaya mini a rai, domin duk wajen babu wanda ya fi shi buƙatar sanin wannan abu.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: waɗannan sinadarai ba labarin wata duniya ba ne. Suna maƙale a silin ɗin wasu ofisoshi da otal-otal na garin nan, ana zura su cikin rijiyoyin mai a Neja Delta, ana yi wa marasa lafiya allurarsu a asibiti. Kuma duk abin da ya shigo ƙasa, ranar da ya tsufa wajen 'yan gwangwan yake ƙarewa. Mu da hannunmu ke cikin wannan sana'a dumu-dumu, rashin sani zai fi yi mana tsada a kan kowa.

Yadda ake haɗa su

Kowane sinadari yana da lambarsa, lambar kuwa ita ce yawan wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsa. Mai furoton 26 baƙin ƙarfe ne. Mai 29 jan ƙarfe. Mai 79 zinariya, mai 82 dalma, mai 92 kuma yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar. Idan lambar ta canja, sinadarin ya zama wani dabam. Wuta ba ta canja ta, guduma ba ta canja ta, ruwan batir ba ya canja ta. Shi ya sa masana na zamanin da suka shafe ƙarnoni suna dafa dalma don ta koma zinariya, ba su ci nasara ba.

Hanya biyu ake bi. Ta farko a tukunyar nukiliya ake yi, wato na'urar da ake fasa ƙwayoyin yuraniyom a ciki don su ba da makamashi. Ana barin yuraniyom ya haɗiye wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutiron, daga baya nutiron ɗin ya rikiɗe ya koma furoton, sai lamba ta ƙaru da ɗaya. Haka 92 ke zama 93, wato neftuniyom, wanda aka fara samu a Berkeley ta Amurka a 1940. Shi kuma 93 ya zama 94, wato fulutoniyom. Da wannan hanya ana iya hawa a hankali har zuwa lamba 100, daga nan sai ta tsaya.

Ta biyu kuwa karo ake haɗawa. Akwai manyan injuna da ke harba ƙwayar wani sinadari mara nauyi da gudun da ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, ta je ta bugi ta wani mai nauyi, da fatan su manne. Lissafin na 'yan firamare ne. Kalsiyom 20, kaliforniyom 98, a haɗa a sami 118. Da haka aka sami na ƙarshe a jadawalin, a garin Dubna na Rasha. Aikin ne ba na 'yan firamare ba, domin kusan duk harbin kuskurewa yake yi, wanda ya samu ma yawanci tarwatsewa yake yi nan take. Masanan Japan sun yi ta harba zinki mai lamba 30 a kan bismut mai lamba 83 daga 2003 zuwa 2012, abin da suka samu ƙwaya 3 ce kacal ta lamba 113. Ba giram 3 ba, ƙwayar zarra 3. A 2016 aka raɗa masa suna nihoniyom, tare da 'yan uwansa 115 da 117 da 118.

Daga lamba 95 zuwa 118, guda 24 ke nan, duk a hannun mutane aka san su.

Maganar shishigi

Ban raina damuwar dattijon ba, domin daga tsoron Allah ta fito. Amma a duba abin da ake yi. Babu masanin da ya taɓa samar da wani abu daga babu. Furoton da nutiron ɗin da ya tarar a duniya su yake tarawa wuri ɗaya, bisa ƙa'idar da shi ma tarar da ita ya yi, ba shi ya shimfiɗa ta ba. Da yana da iko a kan ƙa'idar, ai da bai shekara tara yana jiran ƙwaya uku ba.

Wani abin kuma, wasu daga cikin sinadaran da aka fara gani a ɗakin gwaji, daga baya an gano tun can akwai su. Teknishiyom mai lamba 43 shi ne na farko da aka haɗa, a 1937, a hannun Emilio Segrè da Carlo Perrier a birnin Palermo na Italiya. A 1952 sai wani masanin taurari, Paul Merrill, ya hango alamarsa a cikin hasken wasu manyan taurari. Ashe ana can ana yin sa a sama tun kafin a haifi kakan kakan Segrè.

A nan Afirka ma akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 1972 aka gano cewa a wani wuri mai suna Oklo a ƙasar Gabon, yuraniyom da ruwan ƙarƙashin ƙasa sun taɓa haɗuwa suka zama tukunyar nukiliya da kansu, kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce. Har fulutoniyom ya samu a wurin, ya yi zamaninsa ya ruɓe, babu injiniya ko ɗaya a doron ƙasa. Ni dai idan na ji irin wannan labari, tasbihi yake sa ni, ba shakka ba.

Maganar ɓarnar kuɗi

A nan mai sukar yana da rabin gaskiya, kuma ya kamata a ba shi. Lamba 118 ba ya ko kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kafin ya tarwatse. Ba a taɓa tara wanda ido zai gani ba. Ba ya maganin komai, ba ya kunna komai. Duk waɗanda suka haura lamba 100 haka suke, amfaninsu a yau bai wuce na bincike ba. Da wani minista zai fito gobe ya ce Nijeriya za ta shiga tseren neman lamba 119, da ni ne farkon wanda zai ce a fara gyara wutar lantarki.

Amma ɗaya rabin fa? A ɗauki teknishiyom ɗin nan. Lokacin da aka haɗa shi babu wanda ya san abin da za a yi da shi. Sai da aka shafe fiye da shekara 20 kafin ya shiga asibiti. Yau ana yin gwaji da shi sau miliyoyi masu yawa kowace shekara a duniya. Ana yi wa mara lafiya allurar ɗan kaɗan, ya bi jini ya je ya taru a ƙashi ko zuciya ko ƙoda, sai wata kyamara ta musamman ta ɗauki tiririn nukiliyar da yake fitarwa, wanda ido ba ya gani. Da shi likita ke gane ko sankarar mama ta bazu zuwa ƙashi, ko wani sashe na zuciya ba ya samun jini. Asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna da sashen da ke irin wannan aiki.

Abin da ya sa ya dace da jikin mutum shi ne ba ya daɗewa. Duk bayan awa 6 rabinsa ya tafi. To amma wannan ɗin ne kuma matsalarmu. Tunda ba ya ajiyuwa, sai dai a kawo uwarsa, wani nau'in molibdinom da ake samarwa a tukwanen nukiliya ƙalilan a duniya, irin na Holan da Beljiyam da na Pelindaba a Afirka ta Kudu. Ita ma uwar duk bayan awa 66 rabinta ya tafi. Cinikin ƙanƙara ne a tsakar rana: ka biya kuɗin dutse guda, duk daɗewar da ka yi a hanya narkewa yake yi. Jirgi ya makara, takarda ta tsaya a wani tebur, mara lafiyar da ya taso daga Sakkwato ko Maiduguri shi ne zai biya.

Muna da tukunyar nukiliya guda a ƙasar nan, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta fara aiki a 2004, ƙarfinta wajen kilowat 30. Ana gwada ƙasa da ma'adinai da abinci da ita, ana horar da ɗalibai, amma ta yi ƙanƙanta ta ciyar da asibitoci. Idan akwai inda nake so a kashe kuɗi, to a nan ne: a sami abin da zai riƙa samar wa asibitocinmu irin waɗannan sinadarai a gida.

Sai amerisiyom, lamba 95, wanda Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka haɗa a 1944. Abin dariya, a wani shirin rediyo na yara Seaborg ya fara fallasa labarinsa a 1945, da wani yaro ya tambaye shi ko an gano sabon sinadari. Ka ga farin faifan nan da ake maƙalawa a silin, mai ihu idan ya ji hayaƙi? Da yawa daga cikinsu, musamman tsofaffin, akwai ɗigon amerisiyom a ciki da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Yana sa iskar da ke tsakanin wasu faranti biyu ta riƙa ɗaukar 'yar wutar lantarki. Hayaƙi na shiga, wutar ta ragu, ƙararrawa ta tashi. Duk wanda ya ga yadda gobara ke cinye shaguna a kasuwar Balogun ba zai kira wannan ɓarnar kuɗi ba.

Kamfanonin mai kuma suna zura amerisiyom a rijiya don su gane ko dutsen da ke can ƙasa yana ɗauke da mai ko ruwa. Da kaliforniyom ake tayar da sababbin tukwanen nukiliya, ake kuma auna kayan haɗin siminti da kwal. Wani nau'in fulutoniyom ne ke ba kumbunan Voyager wuta, waɗanda aka harba a 1977 suka shafe fiye da shekara 40 suna aiko da saƙo daga inda hasken rana ba ya isar su da komai.

Maganar bom

Wannan ba ni da ja a kanta. Bom ɗin da ya faɗa wa Nagasaki ranar 9 ga Agusta 1945 na fulutoniyom ne, ya kashe dubun-dubatar mutane. Sinadarai biyu ma, lamba 99 da 100, a cikin tarkacen gwajin bom ɗin da Amurka ta yi a tekun Fasifik a 1952 aka tsince su. Tarihin wannan ilimi yana da jini a jikinsa.

Mu ma ya taɓa mu. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, daidai lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura tana yo kudu da ita. Da suka yi gwajin har sau uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga nan Legas a watan Janairun 1961. Ƙasa 'yar wata uku da samun 'yanci ta yi wannan.

Abin lura shi ne, sai da aka san me ƙurar ke ɗauke da shi sannan aka iya yin fushin. Wanda bai san fulutoniyom ba, da ya ga hazo sai ya ce hunturun bana ya yi ƙarfi, ya ja mayafi. Saboda haka haɗarin abin ba hujja ba ce ta kau da kai, hujja ce ta buɗe ido.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Alaba Rago zuwa jujin Olusosun a Ojota, yaranmu ne ke tura kura suna tsintar ƙarfe. Su ne ke sayen tsofaffin injuna idan an rushe masana'anta ko an kwashe kayan wani asibiti. Su ne ke zama da guduma da kurfi suna fasa duk abin da ya ƙi buɗuwa, kafin a loda a kai Owode Onirin ko masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo.

Su kuwa irin waɗannan sinadarai masu tiriri, a cikin tulu mai kauri na dalma ko wani ƙarfe mai nauyi ake rufe su, don kada tiririn ya fita. Ka ga tarkon ke nan. A sana'ar da sikeli ke yanke hukunci, ɗan ƙaramin abu mai nauyin tsiya shi ne abin da kowa ke addu'ar ya tsinta. Kuma abu na farko da zai zo wa mutum a rai shi ne ya fasa ya ga me ke ciki.

An yi haka a birnin Goiânia na Brazil a 1987. Wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka kwance kan injin gashin sankara, suka sayar wa mai gwangwan. A ciki akwai garin siziyom, wani sinadari mai tiriri da ake samu daga tukunyar nukiliya. Da dare mai gwangwan ya ga abin yana wani shuɗin haske, ya ɗauka dukiya ce, ya kai gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta shafa a jiki, ta ci abinci da hannun. Mutum 4 suka mutu, har da yarinyar da matar mai gwangwan ɗin. Sai da aka auna mutum kimanin 112,000, aka sami 249 da abin ya taɓa, aka rushe gidaje. Irin haka ta sake faruwa a Tailan a 2000, da kasuwar gwangwan ta Mayapuri a Delhi a 2010.

Kada wani ya ce ai can ne. A ƙarshen 2002 wasu tuluna biyu masu ɗauke da amerisiyom, na aikin rijiyar mai, sun ɓace a Neja Delta. Daga baya a Jamus aka gano su, cikin tarin tsofaffin ƙarafa. Sun bi ta hannuwa kafin su kai can, kuma hannuwan nan ba na farfesoshi ba ne.

Mun kuma ga abin da rashin sanin sinadari ya yi mana a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, iyaye suna niƙa dutsen a tsakar gida ba su san me suke shaƙa ba. Tiririn nukiliya ya fi wannan ɓoyon kai. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, ba ya zafi a lokacin. Sai bayan awoyi ko kwanaki mutum ya fara amai da jiri, fatar hannu ta tashi kamar ƙuna alhali bai taɓa wuta ba. A wajenmu me za a ce? Zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot, ko kuma jifa aka yi masa. A yi ta jiƙe-jiƙe, abin kuwa yana nan ƙarƙashin gado.

Ba ina cewa a tsorata da kowane ƙarfe ba. Faifan hayaƙin nan ma, muddin ba a fasa shi an ƙona ko an haɗiye abin cikinsa ba, ba ya cutarwa. Abin da za a kiyaye shi ne alama. Akwai zane mai fuka-fukai uku irin na fanka, baƙi ko ja-ja a kan rawaya. Tun 2007 aka ƙara wani, jan zane mai kusurwa uku da ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Duk tulun da ke ɗauke da ɗayansu, ko ƙaramin abu mai nauyin da ya wuce girmansa da ya fito daga asibiti ko kamfanin mai ko masu gwajin waldar bututu, kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai ɗaki. A matsa nesa, a hana yara zuwa, a kai rahoto. Wanda kuma ya riga ya taɓa ya fara jin jiki, ya gaya wa likita abin da ya taɓa, don likitan ma ba zai kawo wannan a ransa ba.

Akwai hukumar da ke kula da harkar nukiliya a ƙasar nan, NNRA, tana aiki tun 2001. Abin da nake nema a wajenta ba mai tsada ba ne. A buga waɗannan alamu da bayani cikin Hausa, boko da ajami, a manna a kowace ma'ajiyar gwangwan. A yi saƙon murya da za a riƙa turawa ta WhatsApp, tunda da yawan yaran ba sa karatu amma kowa yana saurare. A bi ta hannun sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin 'yan gwangwan da limaman Juma'a. Manyan dilolin da ke loda tirela kuma su sayi na'urar auna tiriri ta hannu, su riƙa bi da ita kan kaya kafin a ɗora a sikeli.

Sannan a fito fili a yi alkawarin cewa wanda ya kawo rahoto ba za a kama shi ba. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Yaron da ke tura kura a Legas ya riga ya saba da cewa duk abin da aka gani a hannunsa sunansa kayan sata har sai ya wanke kansa. Idan ya san kiran hukuma zai kai shi ofishin 'yan sanda, ba zai kira ba. Zai sayar wa na gaba da sauri, ko ya jira dare ya wurga shi a kwata, inda ruwan sama zai ja shi zuwa bayan gidan wani.